Tsirkiyar Baban Purity

"Ashirin da takwas na ce maka, ɗan Barno. Ba da shida ba, ba da bakwai ba."

"Na ji ka, Baban Purity. Tambaya kawai na yi. Wa ya ba ka wannan lambar?"

"Kunnena ya ba ni. Ka saurari raket ɗin yaron nan Jalaluddeen kuwa? In ya kai duka sai ka rantse kwalba aka fasa. Nawa kuwa buf, buf, kamar ana kakkaɓe katifa."

Mele bai ɗago kai ba. Yana zaune a rumfarsa da ke bakin titi a Kazaure, da wata kujerar ƙarfe a tsakanin ƙafafunsa, yana zura mata igiyar roba shuɗiya. Levi, abokinsa, wanda yake kira Baban Purity, yana tsaye a kansa cikin rigar aikin asibiti, yana kaɗa raket a iska.

"Katifar ce dai ta ci mana mutanen Babura bara," in ji Mele.

"Bara kenan." Levi ya yi tari, ya dubi titi. "Af, ina so in gaya maka ma. Wasan Roni na ran Asabar, yaron nan ya roƙe ni in tsaya da shi. Ka san bai san mutane ba tukuna."

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Ɗan acaɓan da ya kawo min kujerun nan."

Levi ya yi dariyar da ba ta zauna ba, ya ajiye raket ɗin a kan benci, ya ɗora ƙunshin sabuwar tsirkiya a kai, siririya, irin wadda Jalaluddeen yake sawa. Ya ce a gaida Hajja, ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Mele ya ja igiyar kujera da ƙarfin da ya wuce kima, har ta yanke shi a gefen yatsa.

Mele ba haifaffen Kazaure ba ne. Yana goye mahaifinsa ya zo da su daga wajen Geidam, yana fataucin kanwa da busasshen kifi, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Uban ya rasu Mele bai gama firamare ba, aka kai shi wurin wani mai saƙa kujeru da gadajen igiya. Sana'ar da yake ci da ita kenan har yau, shi da matarsa Zulaikha da 'ya'yansu da tsohuwarsa Hajja Kaka. Duk kujerar ƙofar gida da ka gani a unguwarsu mai saƙar ja da fari, da wuya ba hannunsa ba ne.

Badmintin kuwa ta hanyar kujera ta shigo masa. Wata rana ya kai aiki gidajen ma'aikata, ya tarar da manyan mutane da furfurarsu suna tsalle a bayan wani zaure, suna bugun 'yar ƙwallon gashin tsuntsu da suke kira shatil ta saman raga. Ya tsaya yana musu dariya a zuci. Ana cikin haka tsirkiyar wani dogon mutum ta tsinke, mutumin ya zauna yana ƙunƙuni, wai sai an kai Kano, sai an jira mai zuwa ya dawo da shi. Mele ya karɓi raket ɗin ya juya shi, ya ga ai saƙa ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa, abin da yake yi tun yana yaro. Dogon mutumin shi ne Levi, ɗan Filato, mai gwajin jini a asibiti.

Raket biyu Mele ya karya kafin ya iya. Ba shi da injin ja irin na Kano. Abin da yake da shi shi ne katako biyu da ya haɗa suna riƙe kan raket, da basilla, da filaya, da guntun muciyar Zulaikha da yake naɗe tsirkiya a kai ya ja, sai sikelin rataye irin na masu awon gyaɗa, wanda yake maƙala wa tsirkiyar ya ga lambar da ta kai. Daga ɗaure wa mutane ya fara riƙe raket da kansa, daga nan Levi ya ce ya zo ya tsaya masa a gaba. Mele gajere ne mai saurin hannu, shi yake tsaron bakin raga, Levi yana baya yana sauke duka. Shekara da shekaru haka. In aka ce Levi sai a ce da Mele. Ran Juma'a Levi ba ya nemansa, ran Lahadi shi ma ba ya neman Levi, amma Asabar tasu ce. Da Sallah Veronica, matar Levi, takan aiko 'yarsu Purity da kwano ta karɓi nama, da Kirsimeti kwanon ya dawo cike da cincin.

Akwai abu ɗaya da Mele bai taɓa gaya wa kowa ba. Wata damina Levi ya faɗi da mashin a hanyar Babura, wuyan hannunsa na dama ya goce. Ya warke, amma ƙarfin bai dawo duka ba. Ita kuwa tsirkiya, in an ja ta ta yi tsauri, ƙararta daɗi, kuma tana kai shatil daidai inda aka nufa, amma ba ta taimakon kowa. Ƙarfinka kaɗai za ta mayar maka, in ka kuskure tsakiya kuma girgizar ta bi hannunka har kafaɗa. Mai sassauci ita ce take lotsawa ta cilla shatil da kanta. Levi mutum ne mai son babbar lamba. Kullum ashirin da shida yake cewa, kullum Mele yana cewa to, ya ɗaure masa ashirin da biyu da tsirkiya mai kauri. In Levi ya buga raket a tafin hannu ya ce muryar ta yi ƙasa, sai Mele ya ce zafi ne, zafin Kazaure ba ya barin tsirkiya da tsaurinta. Zancen da gaskiya a ciki, shi ya sa ya daɗe yana tafiya.

Sai ga Jalaluddeen. An turo shi aiki sakatariyar ƙaramar hukuma daga Kano, saurayi dogo, da jaka mai ɗaukar raket uku. Da a ce mai girman kai ne da Mele ya samu inda zai kama. To yaron ladabi gare shi kamar me. Ranar farko ya rusuna ya ce, "Baba Mele, barka da yamma." Baba! Mele ya koma gida ya tsaya gaban madubin Zulaikha yana duba gemunsa. Levi ya girme shi nesa ba kusa ba, amma shi yaron "Oga Levi" yake ce masa. Kuma yaron ya iya. In ya tashi sama sai ka ce ba zai sauko ba. Mele ya lura da yadda Levi yake bin sa da ido, da yadda yake maimaita maganarsa a wurin mai shayi, Jalal ya ce kaza, Jalal ya ce a Kano kaza ake yi. Ko jakar raket ɗinsa ya fara ratayawa a kafaɗa ɗaya irin ta yaron.

Da la'asar Mele ya tafi da raket ɗin Levi gida. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya kafa katakansa. Hajja Kaka tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Na Nasaran nan naka ne?" ta tambaya. Haka take kiran Levi, ko a gabansa, shi kuma ya ce mata budurwarsa.

"Nasa ne, Hajja."

"To me ya yi maka kake huci kamar an taka maka wutsiya?"

"Ba abin da ya yi min."

"Zulaikha ta ce ya yi sabon aboki."

Mele ya harari ƙofar kicin. Ba a ga kowa ba, sai ƙarar turmi da ta tsaya ta ci gaba.

Ya zura tsirkiyoyin tsaye, ya maƙala sikeli, ya naɗe a guntun muciya ya fara ja. Allurar sikelin ta hau, ta zo ashirin da biyu, inda hannunsa ya saba tsayawa ba tare da ya duba ba. Ya tsaya ɗin. Sai muryar Levi ta dawo masa, buf, buf, kamar ana kakkaɓe katifa. Shekarun nan duka yana tallafe da hannun mutumin nan a ɓoye, yau an kira aikinsa katifa, an ɗauki gurbinsa an ba ɗan jiya. To shi kenan. Ba zai cuce shi ba, ba zai rage masa komai ba. Abin da ya roƙa da bakinsa shi zai ba shi, cif. Ya dafe katako da ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, allura ta zauna a ashirin da takwas. Ya soka basilla ya riƙe, ya koma ta gaba.

Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Da ya ƙulle ƙullin ƙarshe ya buga raket ɗin a tafin hannu, sai ya yi wata ƙara siririya, tsaf, har kajin gidan suka ɗago kai.

"Wannan kam ya ji jiki," in ji Hajja Kaka. Ta ƙara wata magana da Barbarci wadda Mele ya yi kamar bai ji ba.

Washegari da yamma aka yi atisaye a filin bayan zaure, lokacin da iskar da ke gangarowa daga duwatsu takan kwanta. Levi ya karɓi raket, ya buga a hannu, fuskarsa ta washe.

"Kun ji? Jalal, ka ji wannan? Ashe ɗan Barno ya iya, rowa yake min!"

"Wallahi ko a Kano sai haka, Baba Mele," in ji Jalaluddeen.

Mele ya ce ƙafarsa na ciwo, ya zauna a kan bulo a gefe.

Bugun farko ƙarar ta cika filin, kowa ya ce kai. Amma shatil ɗin da ya kamata ya tafi can ƙarshen fili sai ya tsaya a tsakiya, abokan karawa suka sauke shi a ƙafar Jalaluddeen. Na biyu haka. Na uku ya bugi gefen raket, Levi ya yarfe hannu kamar ya taɓa wuta. Jalaluddeen yana ta gudu yana toshe ɓaraka, yana cewa ba komai Oga, ba komai, amma Mele ya ga lokacin da ya saci kallon benci, inda wasu samari suke zaune.

Daɗi ya kama Mele. Ba zai iya musun wannan ba. Wani sanyi ya ji a ƙirji, irin na ruwan randa da rana tsaka. Ya riga ya gama tsara yadda za ta kasance. Yaron zai nemi sa'ansa, Levi zai zo rumfa yana sosa ƙeya, shi kuma zai bar shi ya tsaya a rana tukuna kafin ya ce to. Daga nan ya kwance masa tsirkiyar a hankali, su koma yadda suke.

Da aka tashi kowa ya watse, Levi ya zo ya zauna a bulon da ke kusa da nasa. Yana riƙe da wuyan hannunsa.

"Mele."

Rabon da ya kira shi da sunansa har an manta.

"Hannun nan ya ƙare. Ka ba ni aiki mafi kyau da ka taɓa yi, ka ga abin da na yi da shi. Da ina cewa raket ne. Yau na ga ba raket ba ne."

"Gajiya ce. Ka sa man zafi."

"A'a. Veronica ta daɗe tana cewa in bari. Zan gaya wa yaron ya nemi wani, kada in kunyata shi a Roni. Ni na ajiye haka." Ya miƙa masa raket ɗin. "Riƙe. In ka ga wani mai ƙarfi a cikin samarin nan ka ba shi. Kada aikinka ya tafi a banza."

Ya tashi ya tura mashin ɗinsa da hannu ɗaya har bakin hanya kafin ya tayar.

Mele ya zauna da raket a cinya har aka kira magariba. Wannan ba ya cikin tsarinsa. Shi so yake mutumin ya dawo gefensa, ba ya bar fili gaba ɗaya ba. Ya yi ta juya abin a hanyar masallaci da hanyar gida, bai ga mafitar da ta yi masa daɗi ba. In ya bar tsirkiyar yadda take, Levi ya tafi kenan. In ya gyara, hannun zai dawo, amma gefen Jalaluddeen zai dawo, kuma in suka yi kyau a Roni ba mai raba su. Ko ta ina, bakin ragar nan ba nasa ba ne kuma.

Da safe bai buɗe rumfa da wuri ba. Ya ɗauko almakashi ya zauna gindin darbejiya. Tsirkiya mai tsauri ba a yanke ta daga gefe, kan raket zai karkace. Daga tsakiya ake farawa, ɗaya tsaye ɗaya kwance, ana buɗewa waje. Ya sa almakashi, ta farko ta tsinke da ƙara kamar bulala.

"Yau kuma ɓarna ake?" in ji Hajja Kaka. "Ba shekaranjiya ka kusa tsinka jijiyarka a kansa ba?"

"Bai yi ba ne, Hajja."

"Da kyansa da komai?"

"Da kyansa da komai."

A ƙasan jakarsa akwai tsirkiya mai kauri guda ɗaya, wadda ya ɓoye wa nasa raket ɗin saboda wasan Roni. Ita ya ɗauko. Wannan karon da allura ta zo ashirin da biyu ya soka basilla. Hannunsa bai yi gardama ba, zuciyarsa ce take yi, tun daga tsirkiyar farko har ƙulli.

Ya tarar da Levi a ƙofar asibiti yana sayen ƙosai.

"Ka gaya wa yaron?"

"Ban samu bakin yi ba tukuna."

"To kada ka gaya masa. Ka je Roni ka buga wannan ɗaya. In bai yi ba, ni da kaina zan kai wa Maman Purity raket ɗin ta hura wuta da shi."

Ya tura masa raket ɗin cikin jaka, a rufe, ya juya kafin a buɗe.

Ran Asabar aka cika mota ɗaya da mashina aka tafi Roni. A zauren taron wata makaranta aka yi, an ja layi da farin fenti, an rufe tagogi saboda iska, zafi kamar gidan burodi. Mutanen Gwiwa sun zo, na Babura sun zo. Mele bai sa sunansa ba. Halliru, mai rubuta sunaye, ya ce akwai wani ɗan Gwiwa da ba shi da abokin tsayawa, Mele ya ce ƙafa. Ya samu lungu ya kafa katakansa, ya zauna yana kallo.

Levi ya ciro raket, ya buga a tafin hannu. Buf. Ya tsaya. Ya duba tsirkiyar, ya ga kaurinta, ya waiwayo yana neman Mele a cikin mutane. Alƙalin wasa ya ce a fara.

Bugun farko shatil ya tashi ya tafi har layin ƙarshe. Na biyu ma haka. Kafin a yi nisa Levi ya daina taɓa wuyan hannunsa. Yana ɗaga musu shatil can baya, in suka mayar da rauni sai Jalaluddeen ya tashi sama ya kashe. Sun dace. Mele ya fi kowa ganin haka, don ya san duk inda Levi zai taka kafin ya taka, ya kuma ga yaron yana isa wuraren da shi ya daɗe da daina isa. Suka fitar da Gwiwa, suka fitar da masu gida. A wasan ƙarshe Babura ta sha da ƙyar a kansu, amma ba wanda ya damu. Levi ya rungume Jalaluddeen ya ɗaga shi sama, zaure ya ɗauki tafi. Mele ya tafa sau biyu, ya sunkuya yana neman basillar da take hannunsa.

Levi ya zo yana ɗigar gumi, ya tsuguna a gabansa, ya ɗora raket a kan katako.

"Ɗan Barno. Wannan ashirin da takwas ce?"

"Zafi ne."

"Zafin ne ya ƙara mata kauri kuma?"

"Ka san zafin ƙasar nan."

Levi ya daɗe yana kallonsa. Sai ya fara dariya a hankali, yana girgiza kai. "Tun da na faɗi a hanyar Babura zafin nan yake bi na, ko? Ni kaɗai a duk Kazaure."

Mele ya sunkuya yana goge sikelinsa.

"Yaron ya ce mu ci gaba tare," in ji Levi, murya ƙasa. "Akwai wasa a Dutse bayan damina. Na ce masa to."

"Ya kamata."

"Amma Laraba taka ce. Ni da kai, kamar da."

"Laraba ina da kujeru."

"Bayan la'asar fa?"

Mele ya dubi can gefe, inda Jalaluddeen yake shan ruwan leda, samari sun kewaye shi. Abin yana nan a ƙirjinsa, bai je ko'ina ba. Laraba ba Asabar ba ce, su biyun duka sun sani.

"In ka zo da shatil ɗinka," ya ce. "Ba zan ƙara kashe nawa a kan tsoho ba."

"Wa ye tsoho? Wa ake ce wa Baba a nan?"

Kafin Mele ya rama, Halliru ya ƙwala kira daga ƙofar zaure. Wani ɗan Babura ne tsirkiyarsa ta tsinke, motarsu kuma ba za ta tashi ba sai bayan azahar, ko Baba Mele zai duba masa?

Mele ya naɗe sikelinsa, ya cusa guntun muciya a aljihu, ya saɓa katakan a kafaɗa.

"Ka tambaye shi lamba nawa yake so," ya ce wa Halliru, ya ratsa ta tsakiyar fili, ya sunkuya ta ƙarƙashin raga ya nufi ƙofa.